Iska Ba Ta Jin Faransanci

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Masu murna sun yi murnarsu, masu guna-guni sun yi nasu. Amma akwai wata magana da ta girmi wannan doka, wadda kuma dokar ba ta kashe ba. Ana jin ta a inda malamai ke hutawa tsakanin darasi da darasi, ana jin ta a tarurrukan ƙungiyoyin raya al'adu, har daga bakin waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen yi wa harshen hidima. Maganar ita ce wai Hausa ta isa ta ɗauki kirarin sarakunan Gobir da na Katsina, ta isa ta ɗauki tatsuniya da wasan kwaikwayo da wa'azi, amma in aka zo fagen lissafi da kimiyya sai ta durƙusa ta ba Faransanci hanya.

Masu wannan ra'ayi ba maƙiyan Hausa ba ne. Sun ɗauke ta kamar tsohuwar da ake girmamawa, a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a hana ta zuwa gona. Irin wannan girmamawa ce ke kashe harshe, domin yaron da ya ga ana rufe bakin uwarsa duk lokacin da aka zo maganar da ke kawo aiki da albashi, ba sai an faɗa masa darajarta a kasuwa ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar gwada wannan magana ita ce a ɗauko abin da ya fi kowane nisa da Gulbin Maraɗi, a ɗora wa Hausa, a ga ko za ta durƙusa. Da wuya a sami abin da ya fi motocin tseren Le Mans nisa, da ilimin da ake bi wajen tsara jikinsu don su tsaga iska, wanda Faransawa ke kira aerodinamik. In Hausa ta ɗauki wannan kaya, kuma aka tarar kayan yana da amfani a tashar Maraɗi da azuzuwan Tsibiri da Jiratawa, to, masu waccan magana sai su nemi wata hujja.

Tseren kwana guda cur

Le Mans gari ne a yammacin Faransa. Tun 1923 ake tseren motoci a gefensa, in ban da ƴan shekarun da yaƙi ko yajin aiki suka hana. Ana tashi ranar Asabar da la'asar, galibi a watan Yuni, a ƙare ranar Lahadi daidai wannan lokaci, awa 24 ke nan, ba tsayawa sai don shan mai da sauya taya da sauya direba. Zagaye ɗaya kilomita 13 ne da ɗoriya, kuma motar da ta fi cin nisa ita ce ta yi nasara. A 2010 wata motar Audi ta ci kilomita 5,410, wato tafiyar Maraɗi zuwa Yamai, mai kimanin kilomita 660, fiye da sau takwas cikin yini da dare guda.

Motocin sahun gaba a wannan tsere ba irin na kanti ba ne. Ana ƙera su ƙwaya ƙalilan don tseren kaɗai, gajeru kamar sun kwanta a ƙasa, tayoyinsu a lulluɓe cikin jiki. Mai kallo yakan ɗauka sirrin yana cikin inji. Maƙeransu sun san babban abokin gabarsu iska ce, kuma kowane lanƙwasa da kowace kafa da ke jikin motar amsa ce ga wata tambaya da iska ta yi.

Kalmomi uku

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Wanda ya fara faɗin wannan karin magana ya lura da abu biyu: kara ba shi da nauyi, amma yana da faɗi, kuma faɗin ne iska ke kamawa. Nan ilimin ya faro. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne awo. Iska tana da nauyi: wadda ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ta kai kilo 1.2. Duk abin da ke tafiya dole ya ture wannan nauyi daga gabansa, ita kuma iskar ta turje. A kira wannan turjiya, kalma ta farko ke nan.

Turjiya tana da ƙa'ida da ya kamata kowane ɗan makaranta ya haddace kamar yadda ya haddace sunan kakansa: in gudu ya ninka biyu, turjiya takan ninka huɗu. A kafa allo mai mita ɗaya a tsawo da faɗi bisa mota, fuskarsa na kallon gaba. A gudun kilomita 50 cikin awa iska za ta tura shi da ƙarfin kimanin kilo 14. A gudun 100 ƙarfin ya kai kilo 56, ya zarce buhun siminti. A gudun 300, wanda motocin Le Mans ke wucewa sau da dama a kowane zagaye, ya kai kilo 500, buhu goma. Ƙarfin injin da ake bukata don cin wannan turjiya ya fi haka saurin hauhawa, domin in gudu ya ninka biyu shi sau takwas yake ninkawa.

Kalma ta biyu ita ce ɗagawa. Fiffiken jirgin sama yana karkatar da iska zuwa ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya rinjaya, sai jirgi ya tashi. Jikin mota mai doro a sama da shafaffen ciki yana iya yin wannan aiki ba da son maƙerinsa ba, tayoyi su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Kalma ta uku ita ce danni, kishiyar ɗagawa: a kifar da fiffiken, ya watsa iska sama, ita kuma ta danna motar bisa kwalta, tayoyi su kama ƙasa, a sha kwana da gudun da motar gida ba za ta iya ba. Sai dai danni ba kyauta ba ne, da turjiya ake biyan kuɗinsa, turjiya kuwa da mai ake biyan nata. Aikin mai tsara motar tseren juriya duka bai wuce cinikin waɗannan uku ba: ya kori ɗagawa, ya sayi danni da arha, ya rage turjiya. Ga shi an faɗi ginshiƙin ilimin da Hausa, ba a ari ko kalma ɗaya ba, harshen kuma bai karye ba.

Ƙwarin Ostiriya da ƙurar Jiratawa

Masu cewa wannan ilimi na masu kuɗi ne su saurari labarin Porsche 917. A 1969 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da wannan mota mai dogon gindi, wadda aka tsara don ta rage turjiya iyakar ragewa. Ta yi gudu, amma a miƙaƙƙiyar hanya sai ta riƙa yawo hagu da dama, har ƙwararrun direbobi suka riƙa gudun shigarta. A tseren Le Mans na wannan shekara wani Baturen Ingila, John Woolfe, ya mutu a cikinta tun zagayen farko. An yi ta taɓa tayoyi da ƙafafun motar, ciwon bai warke ba.

A watan Oktoba na 1969 aka kai ta gwaji a Zeltweg, ƙasar Ostiriya. Wani injiniya mai suna John Horsman ya duba motar bayan ta sha zagaye, ya ga gabanta da gilashinta sun cika da matattun ƙwari, amma ƴan fukafukan da ke can ƙarshen gindinta fes suke. Ya gane iska ba ta isa wurin, ta rabu da jikin motar tun kafin ta kai, don haka babu abin da ke danne bayan. Nan take aka yanko fallen alminiyam, aka ɗaga gindin ya zama kamar gangaren da ke hawa sama. Turjiya ta ƙaru, amma motar ta natsu. Da wannan gajeren gindi Porsche ta ci Le Mans karo na farko a 1970, ta sake ci a 1971 da kilomita 5,335, nisan da ba a zarce ba sai bayan shekara 39.

Kayan aikin Horsman a wannan rana ido ne da tunani da almakashin yankan ƙarfe. Irin shaidar da ya karanta tana nan kullum a kan hanyar Maraɗi. Duk motar haya mai tsayayyen gindi, irin Hiace, in ta fito daga hanyar jan ƙasa ta shigo gari, gilashinta na baya ne ke yin butu-butu da ƙura, har yara su yi rubutu da yatsa a kai, alhali gefenta bai kai haka ba. Dalili shi ne iska ba ta iya rufewa nan da nan a bayan irin wannan mota. Takan bar rami mai ƙarancin matsi, inda take juyawa kamar ƴar guguwa, ta kwashi ƙurar da tayoyi suka tayar ta manna a ƙofar baya. Wannan rami shi ke jan motar baya yana shan mai, shi ne kuma ke mayar da hayaƙin salansa cikin mota in an bar ƙofar baya a buɗe saboda kaya, fasinjoji su sauka da ciwon kai. Malamin da ya tsayar da ɗalibansa a bakin hanya ya tambaye su dalilin wannan ƙura ya buɗe darasin da injiniyoyin Jamus suka kwashe watanni ba su gano ba.

Mai gudu da mai isa

Akwai darasi na biyu, na masu ɗaukar gudu shi ne gwaninta. A da'irar Le Mans akwai miƙaƙƙiyar hanya mai kusan kilomita 6 da ta nufi ƙauyen Mulsanne. Wasu ma'aikatan Peugeot biyu, Gérard Welter da Michel Meunier, sun shekara da shekaru suna ƙera motar tsere a lokacin hutunsu, da taimakon abokai ƴan sa kai. A 1988 suka ƙudura sai motarsu, WM, ta wuce kilomita 400 cikin awa a wannan hanya. Suka matse jikinta, suka lulluɓe tayoyin, suka rage kafofin da iska ke shiga ta sanyaya inji. Roger Dorchy ya tuƙa ta, aka rubuta masa kilomita 405 cikin awa. Ba da jimawa ba zafi ya ci injin, motar ta tsaya tun dare bai yi nisa ba, Jaguar ta ci tseren. A 1990 aka saka lanƙwasa biyu a hanyar don karya gudun, shi ya sa har yau ba a zarce Dorchy ba.

Masu shirya tseren sun daɗe da gane cewa gudu tsagwaronsa ba ya koyar da kome. A 1982 aka kafa dokar da ta ƙayyade mai: lita 600 a tseren kilomita 1,000. Sai gasar ta koma ta wanda ya fi iya tattali. Porsche ta amsa da mota 956, wadda aka yi wa kwararo biyu a ƙarƙashi, matsattsu a gaba, masu buɗewa a baya. Iska takan ƙara gudu a matsattsen wurin, matsinta ya faɗi, ƙasa ta tsotso motar. Danni ne mai arha, wanda ba ya jawo turjiya mai yawa irin ta babban fiffike. A Le Mans na 1982 motocin 956 suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Dokar manyan motocin da ta fara aiki a 2021 ta ma ƙayyade cinikin kansa: danni kada ya wuce kimanin ninki huɗu na turjiya.

Motar da ta tashi da rufin da ya tashi

Darasi na uku na rai ne. A 1999 Mercedes ta kawo mota CLR, doguwar haɓa, shafaffen ciki, wadda aka rage wa danni don ta yi gudu a miƙe. Ranar Alhamis, wajen gwaji, ta tashi sama da Mark Webber ta yi alkafura. Aka gyara, ranar Asabar da safe ta sake tashi da shi. Duk da haka aka shiga tseren. Da yamma Peter Dumbreck yana bin wata Toyota a kusa, motar gaba ta tare iskar da ke danne hancinsa, ga kuma ɗan tudu a hanya. Hancin ya ɗaga kaɗan, iska ta shiga ƙarƙashi, cikin motar duka ya zama fiffike, ta yi sama tana juyawa ta faɗa bayan shinge, cikin itatuwa. Allah ya yi da sauran kwanansu, dukansu biyu sun rayu. Mercedes ta janye sauran motarta, ta rufe shirin. Daga 2011 aka wajabta wa irin waɗannan motoci wani dogon falle a tsaye a gadon bayansu, daga baya aka ƙara da huda kafofi a saman tayoyi, duka don kada iska ta sami wurin taruwa ta ɗaga mota in ta juya gefe.

Wanda ya ce wannan bai shafi Gobir ba, bai taɓa kwana a ɗakin kwano da farkon damina ba. Hadarin farko yakan zo da iskar da ke kwashe rufi, azuzuwan makaranta kuma suna cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala, saboda tsawonsu da faɗin rufinsu. Mutane sukan ce iska ta ture rufin, alhali ɗaga shi ta yi. Iskar da ke wucewa da gudu bisa kwano tana rage matsin da ke samansa, musamman a baki-baki da kusurwa. In kuma ƙofa ko taga ta ɓangaren da iskar ke fitowa ta buɗe, matsin cikin ɗaki ya ƙaru, sai rufin ya sami mai ja daga sama da mai turi daga ƙasa. Abin da ya sami CLR ke nan, ba ragi ba ƙari. Kafintan da ya san haka zai yawaita ƙusa a baki-baki, ya rage tsawon kwanon da ke leƙowa waje, ya ɗaure katako da ƙarfe har cikin bango. Iyayen yara da ke tara kuɗi shekara bayan shekara don mayar da rufin aji ɗaya suna biyan harajin darasin da ba a koyar da Hausa ba.

Fushin da ke da hujja

Akwai masu ƙin wannan batu ta wata fuska, kuma hujjarsu ta fi nauyi. Sukan ce tseren mota almubazzaranci ne na Turawa, Nijar ma ta ɗanɗana shi. Gaskiya ne. Tun 1979 ayarin Paris-Dakar ya riƙa ratsa ƙasar nan, ta Arlit da Agadas da Tenere da Dirku da Tawa da Yamai, yana tayar da ƙura a gaban mutanen da ko jakin kai mara lafiya asibiti wani lokaci ba su da shi. Motocin ayarin sun kashe yara a ƙauyuka, a Mali a 1988, a Gini da Sanagal a 2006. A shekara ta 2000, da aka ji barazanar hari, da jiragen sama aka kwashe ayarin daga Yamai zuwa Libiya. An soke tseren a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Wanda ya ce an mayar da Sahara filin wasan baƙi bai yi ƙarya ba.

Amma a duba abin da kowane ɓangare ya tashi da shi. Peugeot ta ci Dakar sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, ƙarƙashin jagorancin Jean Todt, kowane karo ta yashin Nijar. Daga nan wannan ƙungiya ta juya ga Le Mans da mota 905, ta ci a 1992 da 1993. Sun tafi da awo da rubutu da ƙwarewa. Ƴan ƙasa an bar su da kallo, sai kuma fushi. Zakin da ke goshin waɗannan motoci shi ne ke goshin 404 da 504 da suka yi shekaru suna jigila tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, waɗanda aka fara harhaɗa irinsu a Kaduna a 1975, waɗanda kuma makanikan Maraɗi suka san cikinsu kamar tafin hannu. Fushi da tseren daidai ne. Ƙin ilimin da ke cikinsa kuwa ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, domin ya bar wa baƙo sanin, ya bar wa ɗan gida saye da gyara.

Kuɗin iska a tashar mota

Sanin yana da farashi da ake iya ƙirgawa. Ko da matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, Maraɗi ta daɗe tana shan man kwalba da ke tsallako iyaka, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowane direba ya ji a aljihunsa. A kan kwalta, in ƙaramar mota ta wuce kilomita 80 cikin awa, rabin ƙarfin da take kashewa ko fiye wajen ture iska yake tafiya. Direban da ya tashi daga gudun 90 ya koma 120 ya ƙara wa kansa turjiya da kusan kashi 80 cikin ɗari, abin da ya samu kuwa minti 17 ne a tafiyar kilomita 100. In ya tula buhuna da katifu da jarkoki bisa rufi, ya mayar da motarsa mai kayan kara: faɗin gabanta ya ƙaru, nauyinta ya hau sama, iskar gefe ta sami abin kamawa, musamman lokacin da babbar mota ta gifta. Kayan da aka jera ƙasa-ƙasa, ƙanana a gaba, aka lulluɓe da tamfol aka ɗaure tamau, ba su shan mai kamar waɗanda aka bari suna kaɗawa. Murfin nan mai gangare da ake gani bisa kan wasu manyan motocin ɗaukar kaya ba ado ba ne, aikinsa ya haye da iska bisa akwatin baya. Direba da ɗan kamasho da yaron mota su ne suka fi kowa bukatar wannan lissafi, su ne kuma Faransancin littafi ya fi rufe wa ƙofa.

Ina kalmomin suke?

Hujjar ƙarshe ta masu shakka ita ce rashin kalmomi. Su tuna cewa kalmar aerodinamik kanta ba Bafaranshiya ba ce, daga Girkanci aka ƙera ta, da kalmar iska da kalmar ƙarfi. Faransanci bai jira wani ya ba shi izini ba. Gustave Eiffel, mai hasumiyar Paris, shi ya gina zauren iska a gindin hasumiyarsa a 1909, inda ake hura iska a kan abu a auna turjiyarsa, kuma kalmomin sun biyo aikin ne a baya. Hausar da ta ari mota da inji da birki, ta kuma ƙera jirgin sama da kanta, ba za ta gaza a kan turjiya da danni ba. In waɗannan kalmomi ba su gamsar ba, a kawo waɗanda suka fi su, wannan gardama ce mai amfani.

Jihar Maraɗi ba ta da uzuri a nan. A Tasawa aka haifi Abdu Mumuni a 1929, masanin kimiyyar da ya jagoranci binciken makamashin rana a Yamai, wanda jami'ar babban birni ke ɗauke da sunansa. Tun 1964, a littafinsa kan ilimi a Afirka, ya kare koyarwa da harsunan gida, kuma ba mawaƙi ba ne da za a ce kishin kirari ya ɗebe shi. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Bayan fiye da shekara hamsin, Hausa tana raka yaro shekarun farko ne kawai, da an doshi kimiyya ta gaske sai a sallame ta a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce injiniyan gobe ya bar Faransanci ko Ingilishi, zai bukace su don karatu da hulɗa da duniya. Amma wanda ya fahimci abu da harshen da yake mafarki da shi, sanya masa sunan baƙo aikin yini guda ne. Wanda ya haddace sunan bai fahimci abin ba, jarrabawa kaɗai zai ci.

Aikin da ke jiran masu shi

Darasin ba ya bukatar kuɗi. Takarda biyu iri ɗaya, a dunƙule ɗaya a bar ɗaya a shimfiɗe, a sake su tare, an nuna turjiya. Faifai a hannun yaro mai gudu, sau ɗaya a tsaye sau ɗaya a kwance, an nuna aikin faɗi. Motar waya ko ta kara, irin wadda yaran Tsibiri ke ƙerawa ba wanda ya koya musu a aji, a lulluɓe ta da takarda, a manna mata gajerun zare, a ajiye ta gaban fanka ko a iskar hunturu: inda zare ya kwanta iska na bin jiki, inda ya yi rawa ta rabu da shi. Da irin wannan zare manyan kamfanoni suka yi aiki shekara da shekaru, har yau ba su yar da shi ba. Kuma gwaji ba ya jin kunyar kowa. A 2022 Peugeot ta fito da mota 9X8 ba fiffiken baya, ta dogara ga dannin ƙarƙashi kaɗai. Saboda dalilai da dama, har da faɗin tayoyinta, ba ta ci tsere ko ɗaya ba, a 2024 aka mayar mata da fiffike. Yaron da ya ji cewa kamfani mai injiniyoyi ɗaruruwa ya yi kuskure ya gyara, zai daina tsoron kuskuren kansa.

Saura ƙungiyoyin al'adu. Sun yi ƙoƙari wajen adana kirari da kokawa da tarihin sarauta, ba mai raina wannan. Amma al'adar da ta tsaya ga abin da kakanni suka sani ta zama kayan ajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a zaunar da makanikai da maƙera da kafintocin rufi da direbobi wuri guda da malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, a tattara kalmomin da ake amfani da su a gareji, a daidaita waɗanda babu, a miƙa wa INDRAP don su shiga littattafan aji. A shirya gasar motar kara tsakanin makarantun Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, inda kowane yaro zai bayyana da Hausa dalilin siffar motarsa. Gidajen rediyo su ba direbobi minti goma a mako kan gudu da lodi da mai.

Iskar da ta ɗaga Mercedes a hanyar Mulsanne ita ce ke ɗaga rufin aji a Gobir, nauyinta ɗaya, ƙa'idarta ɗaya, kuma ba ta taɓa tambayar kowa takardar shaidar Faransanci ba. Doka ta ba Hausa suna a 2025. Aikin da zai cika sunan yana hannun malamin da zai shiga aji gobe da safe da takarda biyu da ɗan zare, ya fara da tambayar yaran me ya sa iska ke wahalar da mai kayan kara.